Kawu da Dokar Hana Leda

Da aka kafa dokar hana leda, rediyo ya ce masu saye su ne idon hukuma: duk wanda ya ga shago na ba da leda, ya buga waya. Kawu, wanda tun da ya ajiye aikin direba ba shi da abin yi sai zaman ƙofar gida, ya ɗauki maganar kamar da sunansa aka kira. Kafin wata ya ƙare ya kai ƙarar mai shago da mai nama da mai kayan miya. Jami'in muhalli ya zo ya ci su tara.

Daga nan layin ya gyaru, a idon Kawu dai. Da an hango shi, leda sai ta shige ƙarƙashin kantar shago. Da ya ba da baya, ta fito.

Wata safiya matarsa ta aike shi sayen ƙwai, ya mance jakar yadi a gida. Mai shago ya jera masa ƙwan a kan kanta.

"To, sa mini a wani abu mana."

"A me, Kawu? Kwali ya ƙare. Leda kuwa, kai shaida ne, mun tuba."

Kawu ya waiga, ya rage murya. "Ɗaya dai, ɗana. Ba wanda zai ji."

"Ai kai ne mai jin, Kawu."

Dole ya zuba wasu a hula, sauran a aljihun riga, ya taho a hankali. Yana kaiwa ƙofar gida waya ta yi ƙara a aljihu. Ya cusa hannu da sauri, ya ji fus! Jami'in ne, wai gobe ana son sa a rediyo a matsayin mai saye abin koyi. Kawu ya yi ta godiya, kwaiduwa na bin cinyarsa.

"Sannu da aikin gwamnati, Malam," in ji matarsa da ya shiga gida. Ta buɗe durowar kicin, ta zaro leda ɗaya daga cikin wani ƙaton dami, ta fara kwashe ɓawon.

"Ke! Ina kika samo waɗannan?"

"Wajen mai shago. Kullum sai ya ba ni, har ya ce in gaishe ka."

Kawu ya ɗaga waya, sai ya tuna tarar ta haɗa har da mai karɓa. Ya ajiye ta.

Washegari ya shaida wa masu sauraro cewa a layinsu an rabu da leda. Tun daga ranar, in zai je shago, daga nesa yake fara tari da ƙarfi, kuma ba ya ƙarasawa sai ya ba su lokaci sun kimtsa.