Kwabon Lado Marar Huji

Lado, mijin yayata Hajo, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai cin rai wajen riƙe magana a ciki. Ya yi shekara da shekaru yana tara tsofaffin kuɗi a gwangwanin madara, su anini da sisi da sule, amma kwabo guda ya ware ya naɗe a ƙyalle. Iyakar abin da ya taɓa ce mata shi ne, "Ranar da abu ya ci tura, ki kai wa Bashir mai kayan da a Makarfi. Wannan ya fi saniya." Me ya sa ya fi saniya? Oho. Bai faɗa ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Da ta fita takaba kewarsa ta hana ta sakat. Ta ɗauki kwabon ta kai wa maƙerin garin Likoro ya huda shi, ta zura zare ta rataya a wuya, yadda matan gidanmu suka saba yi da kuɗin da. Ta ce tana so ta riƙa jin sanyinsa a ƙirjinta.

Bana idon 'yarta Samira ya fara rufewa, likita a Zariya ya ce sai an yi aiki. Ko kwabon ya biya, ko a sayar da gonar Lado, wadda ita ce cinsu da shansu. Na raka ta Makarfi ranar kasuwa.

Bashir ya tashi ya ba mu tabarma, aka gaisa har da ta'aziyyar da ya ce bai samu zuwa ba. Jin sunan Lado kawai ya sa ya washe baki.

"Inna, kwabon nan na sha roƙonsa ya sayar mini ya ƙi. Kin zo da shi?"

Hajo ta ciro zaren daga wuyanta. Wallahi ina kallon fuskarsa lokacin da ta canza. Ya sa gilashinsa ya juya kwabon gaba da baya, sannan ya ɗauko wani irinsa ya ajiye kusa da shi.

"Inna, duk kwabon wancan zamani da huji yake fitowa daga masana'anta. Duba nawa, hujin yana tsakiya, bakinsa sumul. Na Malam Lado injin ne ya tsallake shi, ya fito ba huji. Wannan kuskuren shi ne darajarsa. Hujin nan kuwa na ƙusa ne, ga ƙarfen ya turo ta baya, har ya ci rubutu. Wa ya yi masa haka?"

"Ni na sa aka yi, ɗana," in ji Hajo.

Na ce ba za a iya toshewa ba? Ya girgiza kai, ya ce masu saye da madubi suke dubawa, yanzu kuɗin mashin ɗinmu ma ba zai biya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan yi wa faɗa, tunda mai laifin yana kabari.

Hajo ba ta yi kuka ba. Ta karɓi kwabon, ta mai da zaren wuyanta, ta tura shi cikin riga. Da muka fito bakin titi ta riƙe hannuna.

"Khairat, ba gida za mu ba. Kai ni wurin mai unguwa, a nemo wanda zai sayi gonar."