Kambun da Ya Ƙi Barin Dantsen Bube

Shekara goma sha fuɗu Bube yay yi shina ruwan langar Kebbe, ba a taɓa ka da shi ba, kuma wannan ita ce masifar da tas same shi.

Langa dai an san ta. Kowa ya kama yatsan ƙafa guda ta baya, ya yi ta tsalle da gudar. Kowane gefe na da mutum guda da ake ce ma ruwa. Shi za ya ratsa abokan karawa ya taɓo turken da anka kafa can ƙarshen fili, nashi na tare mishi, waɗancan na neman su watsa shi ƙasa. In ya taɓa turke, a ce ruwa ya sha. Ko'ina wasan samari ne, gemu na fitowa mutum ya bar ma na baya. Amma Kebbe na da tata al'ada. Akwai wani tsohon kambu na jar fata da ake ɗaura ma ruwa ga dantse, kuma ba mai kwance shi sai wanda yak ka da ruwan shina riƙe da ƙafa, gaban shaidu. Al'adar ba ta taɓa damun kowa ba, don ba ruwan da ke wuce kaka biyu bai sha ƙasa ba. Waɗanda sunka kafa ta ba su san za a haifi Bube ba.

Sa'o'inai sun yi gemu, sun aje tumbi, suna zama bisa buzu ƙofar masallaci ana gaishe su. Shi ko da ɗiya ukku shina nan da bante, yara na ƙwala mishi "Ruwa!" kamar tare anka yi musu kaciya. Gari na yi mishi gayya kowace damina don kada noma ya gajiyar da ƙafar. Ƙafar ta gari ce, ajiya anka ba shi.

Sai ajiyar taf fara lalacewa. Gwiwar dama, wadda shika tsalle da ita, ta kumbura kamar ƙoƙon fura. Maccido maɗori yal latsa ta, yas saurara, yac ce, "Wagga ba karaya ba ce balle in ɗora. Ƙarewa ce. Ka ƙara kaka guda bisanta, da gindi za ka riƙa zuwa gona."

Bube yat tafi wurin Na'iya, sarkin samari, wanda furfura ta daɗe da cinye ma kai.

"Sarki, a kwance min kambun ga."

"Wa yak ka da kai?"

"Ba kowa."

"To mi kaka son in yi? Ni na ɗaura shi, amma ba ni na kafa al'ada ba. Ka shafa man shanu."

Can gida matatai Marka, tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba tac ce, "Maigida, in an shiga fili ka saki ƙafar da kanka mana."

"Sakin ƙafa ba kaye ba ne, kambu na nan. Kuma kin san mutumen Fakku da yas saki tashi? Ya mutu ya ruɓe, har yau 'yan mata na yi ma jikokinai waƙa bakin rijiya."

Marka tac ce, "Uhm." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ana nan sai saƙo yaz zo daga Tambuwal. Turawa za su miƙa ƙasa, za a yi bikin mulkin kai filin makaranta, kuma Kebbe da Tambuwal za su kara. Bube yah hau jaki tun kwana shidda kafin ranar, yan nufi kasuwar Tambuwal, rumfar mahauta. Can Ɗangiwa yake, ƙato mai wuya kamar turmi, wanda ya shekara bakwai shina bin Bube cikin fili bai taɓa ko shafar bantenai ba.

"A'a! Ɗan Kebbe! Ka zo sayen ƙashin gwiwa? An ce taka ta zama kunu."

Bube yaj ja shi bayan rumfa. "Ɗangiwa, so nika ka ka da ni."

"Shekara bakwai mi kaka zato nika yi? Rawa?"

"Da gaske nika. Ka zo min ta dama. Ba ni kaucewa."

Ɗangiwa yak kore ƙudajen da ke bin hannunai. Yac ce, "Wato sadaka ka kawo min."

"Ni nika roƙo. Dubi."

Bube yam miƙo mishi gwiwar. Ɗangiwa mahauci ne, ya san gaɓar da ta ƙare in ya gan ta. Yat tofar da goron bakinai yac ce, "Ta dama. Ka tsaya kurum. In ka ba ni kunya, wallahi har Kebbe nika biyo ka."

Ranar biki, bayan la'asar, fili ya cika. 'Yan makaranta na kaɗa ƙananan tutoci kore da fari, wani malami, Abdulhamidu, na rataye da usur sabo fil, sai busa shi yake ko ba dalili. Anka ja layi, kowa yak kama ƙafa. Bube na jin gwiwar na bugawa kamar da zuciya cikinta, amma ranshi fari tas. Yau za ya sha ƙasa, gobe ya sa riga kamar kowa.

Usur yat tashi. Samarin Kebbe sunka yi gaba suna buɗe mishi hanya, kafaɗa na haɗuwa da kafaɗa, mutane na zubewa. Bube yab bi ta dama da gangan. Sai ga Ɗangiwa ya taho, ƙasa na motsi, ya sunkuyar da kafaɗa daidai inda sunka shirya.

Bube ya ce ma kanai tsaya. Ya rantse har ya mutu cewa ya ce. Amma ƙugun da ya shekara goma sha fuɗu shina kaucewa bai san da wata magana ta bayan rumfa ba. Yal lanƙwashe da kanai, ɗan kaɗan, kamar karan gero in iska ta taɓa shi. Ɗangiwa yaw wuce, yaf faɗi rub da ciki gaban hakimi. Bube yad duba, ba kowa tsakaninai da turke, ga Kebbe duk na kururuwa bayanai. Ina za shi? Tsalle tara yay yi, kowane guda gwiwar na ƙara kamar ana taka busasshen kara. Yad dafa turke.

Sunka ɗauke shi bisa kafaɗu shina kuka. Mutane na cewa, "Allah sarki, murna."

Wata biyu bai taka ƙasa ba. Ranar da yaf fara tsayawa jikin rumbu, sai ga sallamar Na'iya da dattawa ukku. Anka shimfiɗa musu tabarma tsakar gida.

Na'iya yac ce, "Albishirinka, Ruwa. Labari ya kai birni. Bayan Salla Sakkwato za mu, lardi duka za a tara."

Bube yad dubi gwiwa, yad dubi kambu.

Marka na bakin murhu. Tat taso tana goge hannu ga zane tac ce, "Baba Sarki, ku gafarce ni. Ku dai fara gani in ƙafar na ɗaukatai, kada ku kwashi kunya har birni. Maigida, kama mu gani."

Na'iya yac ce, "Ta yi gaskiya. Kama."

Bube yac cije leɓe, yak kama yatsan hagu ta baya, yat tsaya bisa dama shina rawa. Marka ta raɓo ta bayanai kamar mai zuwa ɗaukar faifai, ta sa ƙugu ta bangaje shi. Ita dai ƙugun bai taɓa koyon kauce mata ba. Tim! Ruwan Kebbe yab baje cikin kashin awaki.

Ba wanda yay yi motsi. Marka ta durƙusa, ta sa haƙori ta kwance kambun.

Na'iya yac ce, "Ke! Wanga ai ba fili ba ne!"

"Fili anka ce ko shaidu? Shina riƙe da ƙafa, ku fuɗu kun gani."

"Mace ba ta langa!"

"Ni ban yi langa ba, Baba. Ka da shi na yi. Ga kambunku, ku ɗaura ma mai gwiwa. In ko al'ada ta ce wanda yak kwance shi za ya ɗaura, to ku aza ni mota mu tafi Sakkwato."

Dattawa sunka dubi juna. Guda yaf fara neman takalmanai.

Damina ta zagayo ba wanda yaz zo gayya. Bube da kanai yay yi nomanai, shina jan ƙafa, sanye da riga, in ya nome kunya goma sai ya huta. Rabin gonar ciyawa ta cinye. In yara sunka kafa langa bayan gari ya ji ihunsu, sai ka ga ƙugun ya ɗan goce da kanai, shi ko shina tsaye da hauya, ba mai bin shi.