Jan Zare a Tumbin Kyalla

Na kusa barin wannan labari a cikina. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, kuma ni ce mai laifi a ciki.

Ranar da Daktor Alamin, likitan dabbobi, ya zo gidanmu a Gassi, Kyalla ta yi kwana goma sha biyu ba ta tuƙa ba. Ita ce saniyar da Inna ta rasu ta bar mana. Kashinta ya koma baƙi kamar kwalta, tana ta cizon haƙora. Mun ɗura mata ruwan kanwa har mun gaji. Baba kuwa ya riga ya yanke hukunci, wai ledojin sharar maƙwabciyarmu Fa'iza ne iska ke kwasowa, saniya tana ci. Sau biyu yana tsayawa a ƙofarta yana faɗa, har ta daina gaishe mu.

Daktor ya aske gefen hagun Kyalla, ya yi mata allura, ya yanka tana tsaye. Baba ya riƙe igiya, ni na riƙe daro. Ya zura hannu cikin tumbi har kafaɗa, ya fara jawo leda, baƙa, a cure, da wari mai tayar da zuciya.

"Malam Ɗayyabu," in ji shi, "saniya ce ka ɗaure ko juji?"

"Ka tambayi ta bayan katanga," in ji Baba da ƙarfi, don Fa'iza ta ji.

Sai ƙananan ledoji suka fara fitowa, kowace da jan zare ɗaure a wuya, ƙulli biyu.

Gyaɗa mai gishiri nake sayarwa a bakin titi, a ƙulle cikin ƙananan ledoji da jan zare. Inna ce ta koya mini ɗaurin, don masu saye su gane tamu. Wadda ta kwana biyu ta yi sanyi, sai in jefa wa Kyalla in na dawo a gajiye. Ban taɓa kwancewa ba. Ina jin daɗin yadda take miƙo wuya in ta ji tafiyata. Shekara biyu ina haka.

Daron ya karkace a hannuna, ruwansa yana zuba a ƙafata.

"Hanatu, riƙe da kyau," in ji Baba. Sannan ya leƙa daron. Ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan na waye?" Daktor ya tambaya.

"Na cikin gari ne," in ji Baba a hankali. Ya ja buhu ya rufe.

Da Daktor ya gama ɗinki, yana wanke hannu ya ce baƙin kashin nan gyambo ne a can ƙaramin ciki, inda hannunsa bai kai ba. Ya bar magani. Ya ce in ta tuƙa cikin kwana uku, ta tsira, in ba haka ba a kira mahauci.

Baba da kansa ya haƙa rami bayan garke ya binne ledojin, ya hana ni taya shi.

Da safe na leƙa, Kyalla na tsaye, bakinta bai motsa ba tukuna. Na zauna na kwance ƙullin gyaɗata ɗaya bayan ɗaya, na juye a faranti, na sa gwangwanin awo a kai. Zaren kuma na dunƙule a hannu, na je ƙofar Fa'iza na yi sallama. Sai a ta uku ta amsa.