Giɓin Baba Umara

"Sauko, Baba Umara," na ce. "Ƙafarka rawa take yi."

"Taka ce ke rawa. Miƙo min ƙasa."

Na miƙa masa. Ni masunci ne, ba magini ba, amma katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma tsohon ba ya jin magana.

Giɓin nan na ganuwar Haɗeja, igwar Nasara ce ta fasa shi shekarar da suka ci garin. Gana, ƙanin tsohon, na tsaye a wurin, gini ya rufto masa. Ba a tono shi ba. Malamai suka ce kabarinsa ke nan.

A da kowace unguwa da rabonta na ganuwa, damina na ɗaukewa a fito a yaɓe. An daina tuni. Baba Umara kaɗai ya ƙi. Duk kaka sai ya kwaɓa ƙasa ya kama toshe giɓin, duk kaka sai a aiko a rushe. Turawa ne ke kawo baƙinsu daga Kano su ga inda igwa ta ci. Su hau tsibin, a ɗauke su hoto.

Ran nan ma sai ga Bakari masinja.

"Baba, ni fa aiko ni aka yi. An ce a bar shi haka, abin kallo ne."

"Kallon me? A kan cikin ƙanena suke tsayawa da takalmi."

"To ka gaya musu mana."

"Na gaya wa ubanka, lokacin da shi ke yawo da wannan sandar."

Kafin la'asar tsohon ya zauna a gindin ginin, ya ce ƙirjinsa. Na goya shi zuwa gida. Ba nauyi, kamar busasshiyar komar kamun kifi. Matarsa Mairam ta kawo ruwa za ta wanke masa hannu, ya hana.

"Ja'afaru, ginin ya kai ƙugu?" ya ce da ni.

"Gwiwa dai," na ce.

"To. Saura kai."

Da asuba ya cika, da hantsi muka kai shi. Daga maƙabarta na biya gidansa, na ɗauki kwandonsa na ɗibar ƙasa, na bi ta ganuwa. Na tarar da Bakari a tsaye da diga, bai sara ba. Can wajen hanyar Kano muna jin gurnanin mota.

Ya jingine digar, ya tuɓe takalmi.

"Ina yake ɗibar ruwa?" ya ce.

Na nuna masa kududdufi. Yaɓen jiya bai gama bushewa ba, shatin yatsun tsohon na nan a jikinsa.