Harbin Ban-kwana na Vinko

"Riƙe sirinjin da kyau, Slavko, ba shanu kake wa allura ba," in ji Vinko daga kan gado.

Na ɗiga ruwa cikin kwanson harsashin har ya cika, na ɗora a sikeli. Haka maƙwabcina yake auna cikin kowane kwanso kafin ya sake ɗura masa albarushi, ya ware masu ciki ɗaya. Ni da ido nake ɗura nawa, shi ya sa gadunan dajinmu suka raina ni. Tun muna samari nake jin haushinsa, amma duk farauta tare muke fita.

Da hannunsa ya fara rawa ya kira ni, sai na ɗauka ni zan yi masa harbin ban-kwana a bakin kabari. A ƙauyenmu babban amini ake ba wa.

"Waɗannan na Dalibor ne," ya ce. "Shi zai harba mini."

Dalibor likitan haƙori ne, bara ya zo daga birnin Zagreb da sabuwar bindiga.

"To, ni fa?"

"Kai? Ko sama ka auna sai ka kuskure."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wallahi kishi ya ci ni, ko kofin da matarsa Ruža ta kawo ban sha ba.

Ran Laraba Vinko ya cika. Dalibor ya kwashi kwansunan nan cikin sauri ya ɗura, bai san Vinko kan kifa su bisa murhu su bushe tukuna ba.

A maƙabarta maharba suka jera ganyen bishiyar fir a kan akwatin gawar. Dalibor ya ɗaga bindiga ya ja kunama, sai ƙas. Ya canza harsashi, ƙas. Albarushin ya jiƙe. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya rufe ni.

Ruža ta juyo. "Slavko, kana kallo za a rufe shi shiru?"

Na ɗaga tsohuwar bindigata mai harsashin da na ɗura da ido. Ta tashi, tsaunin ƙauyenmu ya amsa. Na waiga in ga fuskar da Vinko zai yi, sai na ga ƙasa ce ake zubawa.

Kwanson ya faɗo kusa da takalmina. Na ɗauke shi na riƙe, da sauran ɗuminsa.