Fanka a Ɗakin Mai Jego

Bahijja ta zo gida haihuwa ne a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaji ba sa barin gindin bango sai la'asar. Aurenta a Shagari yake, mu kuma muna Bodinga. Da yake cikin fari ne, a gabanmu za ta haihu, ta yi wanka har arba'in, sannan ta koma ɗakinta. Ita ce 'yata ta fari. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, ban taɓa zama mun yi hira ba. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". Haka na tarar ana yi, haka na yi.

Ɗakin da aka sauke ta ni na gina shi bayan wata kakar albasa da ta yi kyau. Bulo ne da siminti, rufin kwano, ba silin, taga ɗaya ƙarama mai kallon lungu. Da na gama shi har alfahari na riƙa yi. Ban san tanderu na gina ba.

Ta haifi namiji lafiya. Tun ranar mahaifiyata, Inno, ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin, ta karɓe jegon daga hannun matata Ramlatu. Safe da yamma a tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, a yi wa mai jego wanka yana tururi. A dama kunun kanwa. Sannan a cika kasko da garwashi a tura ƙarƙashin gadon ƙarfe, a saki labule, a jawo ƙyaure. Tagar kuwa Inno ta cusa mata tsofaffin buhuna, don kada iska ta shiga jikin da bai ƙwari ba.

Zaurena bango ɗaya ne da ɗakin. In na jingina da rana sai in ji bangon kamar jikin mai zazzaɓi. Bayan suna na fara jin tari ta cikinsa. Ba tarin jariri ba ne. Tari ne gajere, busasshe, wanda in ya tsaya sai ka ji mai shi yana neman numfashi.

Ramlatu ta kawo mini tuwo, ta ajiye, ba ta tashi ba.

"Malam, ƙafafunta sun kumbura. Ko takalmi ba shi shiga."

"Mi Inno ta ce?"

"Ta ce sanyi na, bai gama hita ba. Ta ce ka ƙaro gawayi."

"Ke mi kin ka gani?"

Ta dubi ƙasa. "Ni suruka ce, Malam. In ta ce ja, ja na."

Na ƙaro gawayin. Amma washegari na kwashi albasa daga rumfa na kai kasuwa, daga can na wuce shagon Mode da ke kusa da tasha. Mode ɗan kawuna ne, abokin wasana, yana sayar da kayan sola yana kuma gyaran fanka.

"Sarkin albasa," in ji shi, "tun kana bakin tasha na jiyo warinka."

"Warin nan ne ke sa ka lashe kwano in ka zo gidanmu. Fanka nake so, mai caji da rana."

Ya sauko da wata fara mai tsayuwa, da farantin sola kamar faifai. Ya ɗaura, ya kunna, iska ta bugi fuskata har na lumshe ido.

"Ka ji sharuɗɗanta," ya ce. "Farantin nan kullum ka goge shi, ƙura ce ajalinsa. Kar ka bar batir ya mutu murus. Na uku kuma shi ne babba: fanka ba ta haifar iska, wadda ta tarar a ɗaki ita take juyawa. In ɗakin a toshe yake, zafi za ta yi ta kaɗa maka. To faɗa mini, ɗakin wa? Ko amarya za ka yi ba mu sani ba?"

"Ɗakin yarinyar nan ne."

Ya daina dariya. Ya ƙara mini waya mai tsawo, ya raka ni har bakin hanya.

Na hau na kafa farantin a kan rufi, na zuro wayar ta ƙarƙashin kwano. Fankar kuwa Ramlatu na miƙa wa, don ni ba ni da hurumin shiga ɗakin mai jego, balle na 'yar fari. Daga nan na samu aiki. Kowace safiya in kafa tsani, in hau da tsumma in goge farantin. A can sama nake ganin hayaƙi yana sulalowa ta tsakanin kwano da bango. Ni da nake fili sai idona ya kawo ruwa.

"Ana kunna ta?" na tambayi Ramlatu.

"Ana kunnawa," ta ce, tana kallon wani wuri.

Tarin bai ragu ba. Batir kuma kafin azahar ya mutu. Na zargi farantin, na ƙara gogewa. Na zargi wayar, na bi ta da hannu daga sama har ƙasa. Da abin ya ishe ni na sa aka fito mini da fankar, na mayar wa Mode, na ce ya sayar mini da gawa.

Ya kwance ragar gaban, ya shafa fiffiken da yatsa, yatsan ya fito baƙi ƙirin. Ya nuna mini inda robar ta narke ta lanƙwashe. Ya hura cikin injin, toka ta tashi.

"Sodangi, tsire kake gasawa da ita?"

 Ya wanke ta, ya ɗiga mata mai, ya ɗaure. Bai sake zolayata ba.

Na iso gida da la'asar, na yi sallama na shiga. Inno tana tsakar gida gaban murhu, tana fama da mafici, ruwan wanka ya ƙi tafasa. Tana ganin fankar fuskarta ta washe.

"Yauwa, ɗan albarka. Yini guda da ba ta nan, kahwaɗata kamar ta cire."

Ta karɓe ta, ta girke ta a gaban murhu, ta danna. Wuta ta tashi tana ruri.

Na durƙusa. "Inno, don ɗaki na sawo ta."

"Ɗakin ma tana shiga. Ita ka tada min garwashin kasko."

"Don ta sha iska nake nufi. Yarinyar nan."

Inno ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

"Iska? Ga mai jego? Sodangi, kai ka haihuwa ko ni? Da wutag ga na yi jegonka. Da ita matarka ta yi nata duka. Ƙanwarka Safiyya da anka kai birni anka aje ƙarƙashin hwanka, ina take yau?"

Na san jini ne ya ɓalle wa Safiyya, likita ya faɗa a gabana. Amma na ga hannun Inno da ya sha ƙuna saboda jikarta. Ba ƙiyayya ke sa ta hura wutar nan ba. Tsoro ne irin nawa, sai dai nata ya girmi nawa. Na ce, "Allah ya ji ƙanta." Na tashi na fita.

Washegari da azahar, lokacin da lungu ya yi tsit, na zagaya bayan ɗakin. Na tsaya ina dube-dube kamar ɓarawo a gidana. Na kama buhun farko na ja, na ja na biyu. Wani hucin zafi da hayaƙi ya bugo ni har na ja da baya.

Tana zaune a kan gado, an tara mata matasai a baya. Ashe ta daina iya kwanciya. Fuskarta ta kumbura har idanun sun ƙanƙance, bakinta a buɗe. Jaririn yana gefe, wuyansa duk ƙurajen zafi. Ta gan ni, ta laluba mayafi za ta rufe kai.

"Baba... ina... wuni."

Sau uku ta ja numfashi kafin ta gama gaisuwar. Akwai abubuwa da yawa da ya kamata uba ya tambaya. Ni abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu."

Ta juyo da fuskarta wajen tagar, ta rufe ido, tana jan iskar lungu kamar mai ƙishi ya samu randa. Iskar ma zafi ce, amma ba hayaƙi. Na tsaya gefe don kada in tare mata. Ba a daɗe ba na ji takun Inno, na ji tana salati. Aka turo matashi daga ciki aka toshe tagar. Na tsaya riƙe da buhuna biyu.

Ban koma zaure ba. Na tafi tasha na shiga motar Shagari.

Mijinta Kamilu malamin firamare ne. Na same shi an tashi makaranta, yana ƙarƙashin bishiya. Yana ganina ya cire takalmi ya durƙusa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambayi Inno, ya tambayi albasa. Na tambayi mahaifiyarsa. Muka yi maganar zafi, da ko za a samu ruwa da wuri bana. Shi yana jin kunyar ya tambayi matarsa a gabana, ni ina jin kunyar in ambaci 'yata a gabansa. Da an bar mu, da mun kai magariba a haka.

"Kuna waya da mutanen gidan?" na ce.

"Muna yi, Baba. Kullum ta ce lafiya lau. Sai dai ba ta son doguwar magana."

"Ba ƙi take ba. Numfashin ne babu."

Ya ɗago kai, ya sake sunkuyarwa. Na faɗa masa kumburin, da tarin, da kaskon, da tagar.

"Baba, ai tana hannunku. Abin da kuka gani shi ne daidai. Ni ko na so, Hajiyarmu za ta ce ba a katse wanka."

"Ba a hannuna take ba, Kamilu. A hannun uwata take. Ba zan iya ɗaga murya a kanta ba. Amma miji in ya zo ɗaukar matarsa, ba mai hana shi." Na ƙara da cewa, "Ka zo ka ɗauki matarka. Yau."

Ya san nauyin maganar. A wurinmu uba ba ya faɗin haka kafin arba'in sai in ya yi fushi da 'yarsa, ko ya gaji da ciyar da ita.

"Za a ce kun kore ta, Baba."

"A ce."

Ya nemo motar wani abokinsa, muka taho tare har Bodinga.

Na zaci Inno za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta saurari Kamilu yana in'ina, sannan ta dube ni, ba shi ba.

"Mai abu ya zaka ɗaukar abu nai, mi zan ce? Amma ku sani, ɗanyen jiki kunka hitar."

Ramlatu da wata maƙwabciya suka riƙo Bahijja, don ba ta iya kaiwa ƙofa da ƙafarta. Inno ta biyo su da bargo ta lulluɓe ta har wuya, a cikin wannan rana. Sai da muka sha kwana Ramlatu ta yaye shi, ta sauke gilashi.

A asibitin garinmu ma'aikaciyar ta danna ƙafar da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Ta saurari ƙirjin, ta ce, "Sakkwato za ku, yanzu." A Sakkwato likita ya ce zuciyar ce ta yi rauni bayan haihuwa, ruwa ya taru a ƙirji. Ya ce zafi da hayaƙin gawayi da kanwa duk ƙarin kaya ne a kan zuciyar da ta riga ta gaji. Ya ce wasu suna warkewa sarai, wasu suna daɗewa, wasu kuma sai abin da Allah ya yi, shi ba zai yi mana alkawari ba.

"Likita, da mun zo da wuri fa?" na ce.

Ya ce, "Kun dai zo, Baba." Ya wuce gado na gaba.

Ba a barin maza a sashen mata. Ramlatu ta zauna da ita da jaririn, Kamilu ya shimfiɗa tabarma a harabar asibitin. Ni aka ce in koma gida, za a kira ni.

Na shiga ɗakin a karo na farko tun zuwanta. Na cire matashin daga taga, na share toka, na wanke baƙin da ya kama bango iya inda hannuna ya kai. Na kira Mode ya duba ko za a fasa taga ta biyu a yi silin. Ya ce za a iya, amma silin ba ya kashe garwashi. Na ɗauke buhun gawayi na kai zaure na rufe da tabarma.

Inno tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi, tana kallona.

"Mi likita ya ce?"

"Ya ce a daina wuta, a daina kanwa."

"Uhm." Ta ja carbi. "In ta dawo sai ta rama kwanakin da anka katse. Ba a barin wanka rabi."

"Inno, likita ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Allah dai shi maido min ita."

Na ce amin. A kan wannan kaɗai bakinmu ya zo ɗaya.

Yau da safe na hau na goge farantin kamar kullum. Babu hayaƙi a ƙarƙashin kwano. Na sauko na kunna fankar a ɗakin, na tsaya ina kallon labule yana motsi. Batir yana kaiwa har yamma yanzu. Da na fito na ga kaskon a jingine da bango kusa da ƙofa. Inno ta wanke shi fes, ta kife shi yana shan rana. Na duba wayata, ba wanda ya kira.