Tsuntsayen Zanen Asama'u

Ni Ɗayyabu Marini, duk unguwarmu ta Harra ta Yamma a Madina babu wanda ya san baban rini kamar ni. Tun ina shekara tara hannuna ke cikin karofi a Kano. Na yi rini a Abeokuta, can na auri Asama'u, na ɗauko ta muka keto Chadi da Sudan, shekara shida a hanya. Jirgin ruwan da ya tsallako da mu, gawa huɗu aka jefa a teku, ni ko mura ban yi ba. Amma zane guda ya tashi kunyata ni da furfurata.

Adire ne, irin na Yarbawa. Mahaifiyar Asama'u ta zana shi da gashin kaza da kullun rogo. Inda kullu ya rufe, baba ba ya kamawa. In an wanke sai farin zane ya fito. Gida-gida aka yi shi, ga mataji, ga ganye, ga tsuntsaye goma sha biyu. Abin da ya rage wa Asama'u na gidansu ke nan.

Bazarar da mukayyif ɗinmu mai sanyaya ɗaki ya mutu, tana kwance a asibiti, na ciro shi daga akwati na toshe taga. Wata uku ranar Madina na cin sa. Ya koɗe, tsuntsayen ma sai ka ƙura ido. Da ta dawo ta ninke shi ta mayar akwati, sai da aka sa ranar auren 'yarmu Hibatullahi ta tayar da maganar.

"Da shi na so in zauna ran bikin," in ji ta.

"Sai me? Turi ne kawai. Rawani nawa na mayar sabo?"

"Baban Hiba, wannan ba rawani ba ne. In ka tsoma shi haka, baba zai shanye zanen duka. Sai an sake bin kowane layi da kullu."

"Ni za ki koya wa rini?"

Wani alhajin Kano ya zo mini da baba. Toka na roƙa wajen mai gashin gurasa, garin rogo kuma wajen matar wani likita ɗan Ilori a unguwar Ƙurban. Na haɗa a durom na roba a saman soro. Kwana bakwai ina hawa ina motsawa, maƙwabta na toshe hanci, har ruwan ya nuna.

Na ɗauki gashin kaza na duƙa kan tsuntsun gefe. Hannun nan da ya yi shekara talatin yana ɗaukar buhunan dabino, sai ga shi ya kasa bin layi daidai. Na ce laifin kajin nan na gidan gona ne, gashinsu ba ƙwari. Na dai lallaɓa, na shanya, na tsoma gefen kaɗai don gwaji. Da na wanke, babu tsuntsu. Shuɗi ne kirin da 'yan ɗige-ɗige a karkace.

Asama'u ta hawo benen, tana hutawa a kowace matakala saboda gwiwa. Ta shimfiɗa zanen ta ƙirga da yatsa.

"Sha ɗaya."

Ta zauna kan bokiti. "Shi mahaifiyata ta fara zanawa. Ni na riƙe mata ƙwaryar kullun."

Na buɗe baki zan kawo maganar jirgin ruwa, na ga ba wurinta ba ne.

Hibatullahi tana bakin ƙofa. Ita haihuwar nan ce, ka yi mata Hausa ta mayar maka da Larabci, sana'arta yi wa amare lalle. Ta zare gashin kazar daga hannuna.

"Halas, ya isa, Abuya. Ka huta."

Ta ɗura kullun a 'yar ledar nan mai tsini da take zanen lalle da ita. Kwana huɗu tana duƙe, uwar na nuna mata da farce.

"Nan baki ne, ba ƙafa ba, ke 'yar Larabawa."

"Ɗayyib, na ji, Ummi, ai tsuntsun naku ne bai ci ya ƙoshi ba."

Tsomawa kuwa tawa ce, wannan ko Asama'u ba ta ja ba. Sau bakwai na tsoma, ina ɗagawa kore, iska na mayar da shi shuɗi. A na biyar bayana ya riƙe, na ƙarasa a durƙushe. Da aka wanke, tsuntsaye sha ɗaya suka fito fari tas, shuɗin kamar na karofin Ƙofar Mata a Kano.

Ta ɗaura shi ran bikin, ta soke gefen nan ta ciki. Da ta dawo daga wajen mata, tana cire takalmi ta ce matar likita ta tambayi wanda ya rina.

"Kin gaya mata tun ina shekara tara..."

"Na ce mijina ne. Na kuma gaya mata da sha biyu ne."

Washegari na tuntsurar da durom ɗin a magudana. Hawa benen nan ya ishe ni.